BABI NA UKU: BIBIYAR SAUYE-SAUYEN KUROMOSOM TA HANYAR JINI DOMIN HASASHEN SANKARAR JINI A CUTUTTUKAN ƁARGO

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan jini da rabe-raben ƙwayoyinsa. A wannan babi kuwa za a mayar da hankali ne a kan wata tambaya da ta daɗe tana ci wa likitocin jini tuwo a ƙwarya, wato idan mutum yana fama da cutar ɓargo wadda aka san tana iya rikiɗewa ta koma sankarar jini, ta yaya za a gane cewa lokacin rikiɗewar ya gabato tun kafin ta auku? Hanyar da aka saba bi ita ce a huda ƙashi a ɗebo ɓargo a duba kuromosom ɗin ƙwayoyinsa. To amma huda ƙashi aiki ne mai zafi, ba kuma abu ne da za a riƙa yi wa majinyaci a kowane wata ba. Wannan ne ya sa masana suka karkata ga jinin da ake ɗiba daga jijiyar hannu, domin su ga ko zai iya ba da labarin abin da ke wakana a cikin ɓargo. Babin zai yi ƙoƙarin nuna irin sauye-sauyen da ake nema, da hanyoyin neman su a cikin jini, da amfanin da hakan ke da shi ga majinyaci, da kuma inda hanyar ta gaza.

3.1 Ɓargo da Yadda Yake Samar da Jini

Ɓargo shi ne abu mai taushi da ke cikin ƙashi. A jikin jariri kusan dukkan ƙasusuwa suna ɗauke da ɓargo mai samar da jini, amma idan mutum ya manyanta sai aikin ya taƙaita ga ƙashin ƙugu da ƙashin ƙirji da ƙashin baya da haƙarƙari da ƙoƙon kai da kuma kawunan ƙasusuwan cinya da damtse. A cikin ɓargo akwai wasu ƙwayoyi 'yan kaɗan da za a kira uwayen ƙwayoyi a wannan nazari, domin daga gare su ne jajayen ƙwayoyin jini da fararen ƙwayoyin jini da ƙwayoyin tsayar da jini suke fitowa.

Jar ƙwayar jini takan rayu kimanin kwana 120, ƙwayar tsayar da jini kwana 7 zuwa 10, wasu fararen ƙwayoyin kuwa da ƙyar suke cika kwana ɗaya a cikin jijiya. Saboda haka dole ne ɓargo ya riƙa samar da ɗaruruwan biliyoyin sababbin ƙwayoyi a kowace rana. Duk lokacin da ƙwaya ta rabu gida biyu, sai ta kwafi bayanan gadon da ke cikinta, kuma a wajen wannan kwafi ne kuskure yakan shiga. Kafin ƙwaya ta nuna ta fita zuwa jini, takan bi ta wani mataki wanda a cikinsa ake kiran ta ɗanyar ƙwaya. A ɓargon mai lafiya ɗanyun ƙwayoyi ba su kai kashi 5 cikin 100 ba, kuma ba a ganin su a jini. Idan suka kai kashi 20 cikin 100 a ɓargo ko a jini, to an shiga sankarar jini mai saurin yaɗuwa. Wannan iyaka Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta sanya ta a 2001, domin kafin nan kashi 30 ake ɗauka.

3.2 Cututtukan Ɓargo da Kan Rikiɗe Zuwa Sankara

Cututtukan ɓargo suna da yawa, amma guda uku ne suka fi dacewa da manufar wannan babi.

3.2.1 Lalacewar Ɓargo

Wannan ita ce cutar da likitoci ke kira mayelodisfilasiya. A cikinta ɓargo yakan cika da ƙwayoyi, sai dai ƙwayoyin gurɓatattu ne, yawancinsu kuma sukan mutu tun ba su fita ba. Sakamakon haka shi ne ƙarancin jini da kasala, da yawan kamuwa da cututtuka, da zubar jini. Ta fi kama tsofaffi, musamman masu kimanin shekara 70. A 1982 wasu likitoci daga Faransa da Amurka da Birtaniya suka raba ta gida biyar bisa kamannin ƙwayoyi. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na masu ita ne cutar ke rikiɗe musu ta koma sankarar jini, kuma kimanin rabinsu akan sami wani sauyi a kuromosom ɗinsu tun ranar da aka gano cutar. Ga waɗanda ta same su bayan an yi musu maganin wata sankarar da magunguna masu ƙarfi ko gashi, adadin ya fi haka nesa ba kusa ba.

3.2.2 Ƙafewar Ɓargo

A nan kuwa ɓargo ne yake ƙafewa, kitse ya maye gurbin ƙwayoyi, galibi saboda garkuwar jiki ta juyo tana yaƙar uwayen ƙwayoyi. Waɗanda aka yi wa magani ta hanyar danne garkuwar jiki sukan sami sauƙi, amma kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin 100 daga cikinsu sukan wayi gari da lalacewar ɓargo ko sankarar jini a cikin shekara goma.

3.2.3 Cutar Fankoni

Wannan cuta ce ta gado wadda wani likitan yara ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Guido Fanconi ya bayyana a 1927, bayan ya ga alamunta a jikin wasu yara uku 'yan gida ɗaya. Asalinta shi ne gazawar ƙwayoyi wajen gyara wata irin ɓarna da kan sami zaren gado, kuma an gano ƙwayoyin gado sama da 20 da ke haddasa ta. Ɓargo yakan fara gazawa tun yaro bai cika shekara goma ba, sannan kimanin kashi ɗaya cikin uku na masu ita sukan kamu da lalacewar ɓargo ko sankarar jini kafin su wuce shekara 40. Wannan ne ya sa ake ba da shawarar a riƙa duba ɓargonsu sau ɗaya a kowace shekara.

3.3 Kuromosom da Tasowar Gurɓatacciyar Zuriya

Kuromosom wani dunƙule ne na zaren gado, wato DNA, da ke cikin cibiyar ƙwayar halitta. A 1956 ne Joe Hin Tjio da Albert Levan suka tabbatar a ƙasar Suwidin cewa ɗan'adam yana da kuromosom 46, wato tagwaye 23. An ba 22 daga cikin tagwayen lambobi, ragowar kuwa su ne X da Y masu bambance mace da namiji. Kowane kuromosom yana da gajeren hannu da ake yi wa alama da harafin p, da kuma dogon hannu da ake yi wa alama da harafin q.

A 1960 Peter Nowell da David Hungerford suka lura da wani ɗan guntun kuromosom a ƙwayoyin masu wata sankarar jini mai tafiyar hawainiya, aka raɗa masa sunan birnin Filadelfiya inda aka gano shi. A 1973 Janet Rowley ta Jami'ar Shikago ta nuna cewa musaya ce ta auku tsakanin kuromosom na 9 da na 22. Shekara guda bayan haka, a 1974, Herman Van den Berghe na ƙasar Beljiyam ya bayyana wani nau'in lalacewar ɓargo wanda a cikinsa dogon hannun kuromosom na 5 yake guntulewa. Daga nan ne aka fahimci cewa sauye-sauyen da ake gani a cututtukan jini suna da tsari, suna kuma maimaituwa daga majinyaci zuwa majinyaci. Za a iya kasa su kamar haka:

(i) Ɓacewar kuromosom ɗungurungum, kamar ɓacewar ɗaya daga cikin tagwayen na 7.
(ii) Ƙari, kamar a sami na 8 guda uku maimakon biyu.
(iii) Guntulewa, kamar yadda kan sami dogon hannun na 5 ko na 7 ko na 20.
(iv) Musaya tsakanin kuromosom biyu.
(v) Juyewar wani yanki a cikin kuromosom ɗaya, kamar yadda kan auku a na 3.

Abin lura shi ne waɗannan sauye-sauye ba a haifi mutum da su ba, ba kuma ya gadar wa 'ya'yansa su. A cikin uwar ƙwaya guda ɗaya suke farawa. Idan sauyin ya ba ta fifiko a kan 'yan'uwanta, wato ta fi su saurin rabuwa ko ta fi su jure mutuwa, sai 'ya'yanta da jikokinta su yawaita, dukkansu ɗauke da tambari iri ɗaya. Wannan taro na ƙwayoyi masu kaka ɗaya shi ne za a kira zuriya. Da tafiya ta yi nisa, wata ƙwaya daga cikin zuriyar takan sake samun sauyi na biyu, ta kafa reshe wanda ya fi na farko muni, har a kai ga reshen da ƙwayoyinsa ba sa nuna ko kaɗan, wanda shi ne sankarar jini. Nowell ne ya tsara wannan ra'i a 1976. Tunda matakan sukan ɗauki watanni ko shekaru, akwai tazarar da mai sa ido zai iya ganin alama a cikinta, domin Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, haka ma wadda za ta yi muni.

3.4 Darajar Sauye-sauyen a Ma'aunin Haɗari

Ba dukkan sauye-sauye ne suke da nauyi ɗaya ba. A 1997 Peter Greenberg da abokan aikinsa suka fito da ma'aunin haɗari na duniya ga masu lalacewar ɓargo, sannan a 2012 aka sabunta shi bisa bayanan majinyata 7,012. Sabon ma'aunin yana duba abubuwa biyar: yanayin kuromosom, da adadin ɗanyun ƙwayoyi a ɓargo, da yawan jan sinadarin jini, da yawan ƙwayoyin tsayar da jini, da yawan fararen ƙwayoyi masu yaƙar bakteriya. A cikin biyar ɗin nan kuromosom ne ya fi yawan maki, an kuma raba shi zuwa rukuni biyar:

(i) Mai kyau ƙwarai: ɓacewar Y, ko guntulewar dogon hannun na 11.
(ii) Mai kyau: rashin kowane sauyi, ko guntulewar dogon hannun na 5 ko na 20, ko gajeren hannun na 12.
(iii) Matsakaici: ƙarin na 8 ko na 19, ko guntulewar dogon hannun na 7.
(iv) Mummuna: ɓacewar na 7, ko juyewa ko musaya a dogon hannun na 3, ko haɗuwar sauyi uku.
(v) Mummuna ƙwarai: haɗuwar sauyi sama da uku.

Idan aka haɗa makin gaba ɗaya, bambancin da ke fitowa babba ne. Waɗanda suka faɗa rukunin mafi ƙarancin haɗari, rabinsu sun rayu sama da shekara 8.8, alhali waɗanda suka faɗa rukunin mafi tsananin haɗari rabinsu ba su wuce wata goma ba. Haka kuma a rukunin ƙaramin haɗari sai da aka yi shekara 10.8 kafin kashi ɗaya cikin huɗu su kamu da sankara, amma a rukunin babban haɗari shekara 1.4 kacal aka yi. A 2022 an sake faɗaɗa ma'aunin ta hanyar ƙara sakamakon ƙwayoyin gado 31, bisa nazarin majinyata 2,957. A cikinsu lalacewar dukkan kwafi biyu na TP53, wato ƙwayar gadon da ke dogarin ƙwayar halitta daga zama sankara, tana daga cikin mafi munin alamu.

A ƙafewar ɓargo ma ɓacewar na 7 ita ce abar tsoro, alhali ƙarin na 8 da guntulewar dogon hannun na 13 ba su cika zama sharri ba. A cutar Fankoni kuwa, wani nazari da aka wallafa a 2003 daga asibitin Charité na birnin Barlin a ƙasar Jamus ya nuna cewa ƙaruwar ƙarshen dogon hannun kuromosom na 3 alama ce ta haɗari, kuma sau da yawa ɓacewar na 7 takan biyo bayanta. A wannan yanki ne ake samun ƙwayar gadon nan EVI1, wadda yawan aikinta yake da alaƙa da sankarar jini mai wuyar magani. Ƙaruwar dogon hannun na 1 ita ma tana da yawa a wurin masu Fankoni, sai dai akan same ta har ga waɗanda cutarsu ba ta tsananta ba, don haka ita kaɗai ba ta isa hujjar ɗaukar mataki ba.

3.5 Dalilan Komawa ga Jini

Ana ɗiban ɓargo ne daga bayan ƙashin ƙugu da wata allura mai kauri, bayan an yi allurar kashe zafi. Duk da haka majinyaci yakan ji zafi a lokacin zuƙowa, yara kuwa galibi sai an sa su barci. Wani lokaci ɓargon yakan yi tauri ko ya ƙafe har allura ta fito ba komai. Wani lokacin kuma a sami ɓargon amma ƙwayoyin su ƙi rabuwa a ɗakin gwaji, alhali tsohuwar hanyar duba kuromosom ba ta yiwuwa sai ƙwaya tana cikin rabuwa. Bugu da ƙari, tsoho mai ƙarancin ƙwayoyin tsayar da jini ba ya marmarin a riƙa huda shi a kai a kai, kuma da yawa sukan ƙi amincewa da gwaji na biyu ko na uku. Sakamakon haka shi ne akan bar tazarar shekara guda ko fiye tsakanin gwaji da gwaji, wadda ta isa sabon reshe ya taso ya mamaye ɓargo ba tare da an ankara ba.

Shi kuwa jini, daman ana ɗiban sa a kowace ziyarar asibiti. Hujjar amfani da shi ita ce yawancin fararen ƙwayoyin da ke yawo a cikinsa ba su daɗe da barin ɓargo ba, kuma idan uwarsu tana ɗauke da tambari su ma suna ɗauke da shi. Labarin zuciya a tambayi fuska, labarin ɓargo kuma a tambayi jini. Akwai ma misalin da ya riga ya tabbata, wato sankarar nan mai kuromosom ɗin Filadelfiya. Tun bayan fitowar maganin imatinib a 2001, bibiyar masu wannan cuta ta koma kan gwajin jini da ake yi duk wata uku domin auna yawan gurɓatacciyar ƙwayar gadon da musayar 9 da 22 ta haifar, kuma da wuya a sake huda ƙashi matuƙar adadin yana sauka yadda ake so. Abin da ake fata shi ne a cim ma irin wannan a sauran cututtukan ɓargo, duk da cewa su ba su da tambari guda ɗaya da ya game kowa.

3.6 Hanyoyin Gano Sauye-sauyen a Cikin Jini

3.6.1 Jera Kuromosom a Ƙarƙashin Madubi

Wannan ita ce tsohuwar hanya. Akan rena ƙwayoyi, a tsayar da su a tsakiyar rabuwa, a rina su domin zane-zanensu su fito, sannan a duba ƙwaya 20. Fa'idarta ita ce tana nuna dukkan kuromosom 46 a lokaci ɗaya. Amma a jini ba ta cika yin nasara ba, domin ƙwayoyin da suka nuna ba sa rabuwa. Idan kuwa aka zuba sinadarin da ke tilasta rabuwa, ƙwayoyin garkuwa masu tsawon rai ne suke amsawa, su kuwa galibi ba sa cikin gurɓatacciyar zuriyar.

3.6.2 Gwajin Alamar Haske

Wannan hanya, wadda ake taƙaita sunanta da FISH, ta bunƙasa ne a shekarun 1980. Akan haɗa wani ɗan guntun zaren gado mai ɗauke da launi mai walƙiya, wanda ba ya manne wa ko'ina sai yankin da aka nufa. Idan aka nufi kuromosom na 7, ƙwaya mai lafiya za ta nuna ɗigo biyu, wadda ta rasa ɗaya kuma ta nuna ɗigo ɗaya. Ba a bukatar ƙwaya ta rabu, kuma akan ƙirga kimanin ƙwaya 200, don haka akan sami adadi wanda za a kwatanta da na wata uku masu zuwa. Rauninta shi ne ba ta ganin abin da ba a tambaye ta ba.

Matsalar jini ita ce ƙwayoyi masu lafiya sukan surka marasa lafiya. Domin magance wannan, likitoci a Jami'ar Gotingen ta Jamus sun yi amfani da wata alama mai suna CD34 da ke jikin ɗanyun ƙwayoyi. Akan zuba wasu ƙananan ƙwallaye masu ƙarfe da ke manne wa wannan alama, sannan a janyo su da maganaɗisu, sai a sami ɗanyun ƙwayoyin da ke yawo a jini an ware su. A rahoton da suka wallafa a 2010 da waɗanda suka biyo baya, sun nuna cewa sakamakon waɗannan ƙwayoyi ya yi daidai da na ɓargo a mafi yawan majinyata.

3.6.3 Faifan Gwaji da Karanta Zaren Gado

Akwai kuma wani ɗan faifai mai ɗauke da dubban ɗaruruwan alamomi, wanda ke auna ƙari ko ragi a dukkan kuromosom ba tare da an rena ƙwaya ba. Yana iya gano inda aka rasa kwafi ɗaya sannan ɗayan ya ninka kansa ya cike gurbin, abin da madubi ba ya gani. Sai dai ba ya ganin musayar da ba ta rage komai ba, ba ya kuma ganin ƙaramar zuriya. Hanya ta baya-bayan nan ita ce karanta haruffan zaren gado da na'ura, wadda ke iya gano kuskuren harafi guda ko da ƙwayoyi kaɗan ne ke ɗauke da shi. Ana iya yin wannan da fararen ƙwayoyi, ko kuma da ɓurɓushin zaren gado da matattun ƙwayoyi ke zubarwa a ruwan jini, wanda aka fara lura da shi tun 1948 a Faransa.

3.7 Yadda Ake Fassara Sakamako

Muhimmin abu a wannan fage shi ne alƙiblar da sakamako ya dosa daga gwaji zuwa gwaji, domin gwaji guda ɗaya ba ya nuna tafiya. Abubuwa uku ne likita ke sa wa ido: bayyanar sabon sauyi, da ƙaruwar ƙwayoyin da ke ɗauke da tsohon sauyi, da dawowar sauyin da magani ya riga ya kawar.

Alal misali, a ƙaddara yarinya ce mai cutar Fankoni wadda aka duba ɓargonta a farkon shekara ba a ga komai ba. Bayan wata huɗu gwajin jini ya nuna ƙaruwar dogon hannun na 3 a ƙwayoyi kaɗan, bayan wasu wata huɗun adadin ya ninka, ga kuma ɓacewar na 7 ta fara leƙowa, alhali ƙidayar jininta ba ta sauya ba, ita ma tana wasanta. Likita ba zai jira shekara ta zagayo ba. Zai duba ɓargo nan take, a kuma fara gwada 'yan'uwanta domin neman wanda ɓargonsa ya dace da nata, bayan an tabbatar shi ma ba ya ɗauke da cutar.

Dalilin wannan gaggawa shi ne dashen ɓargo ne kaɗai maganin da ke iya kawar da waɗannan cututtuka gaba ɗaya, shi kuwa dashe yana da nasa haɗarin, har yana iya zama ajalin majinyaci. Idan aka yi shi da wuri ga wanda cutarsa ke kwance, an jefa shi cikin haɗarin da bai zama dole ba. Idan aka yi jinkiri har sankara ta bayyana, nasara takan ragu ƙwarai, musamman ga masu Fankoni waɗanda jikinsu ba ya jure magungunan sankara masu ƙarfi. Saboda haka babban amfanin bibiya shi ne zaɓen lokacin da ya dace, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Haka kuma bibiyar tana nuna ko magani yana aiki. Maganin lenalidomide, wanda aka amince da shi a Amurka a 2005 ga masu guntulewar na 5, yakan rage zuriyar har ta ɓuya, sake bayyanarta kuwa alama ce ta cewa maganin ya fara gazawa. Ga masu babban haɗari da ba za su iya jure dashe ba, akwai azacitidine wanda aka amince da shi a 2004.

3.8 Inda Hanyar Ta Gaza

Da farko dai, jini ba ya maye gurbin ɓargo wajen gano cuta a karon farko, domin ƙirga ɗanyun ƙwayoyi da ganin kamannin ƙwayoyi da taurin ɓargo duk sai an shiga ƙashi. Na biyu, idan jini ya nuna sauyi to akwai shi, amma idan bai nuna ba, wannan bai wanke ɓargo ba, domin ƙaramar zuriya tana iya zama a ciki ba ta fito ba. Don haka idan ƙidayar jini tana ta sauka, dole a duba ɓargo ko da gwajin jini ya fito lafiya.

Na uku, ba kowace zuriya ce ke kaiwa ga sankara ba. Nazarce-nazarce biyu da aka wallafa a 2014 sun nuna cewa kimanin mutum ɗaya cikin goma na tsofaffi suna ɗauke da wata zuriya a jininsu ba tare da wata cuta ba, kuma kashi 0.5 zuwa 1 cikin 100 ne kawai daga cikinsu ke kamuwa da sankarar jini a kowace shekara. Ɓacewar Y ma abu ne da ya zama ruwan dare ga tsofaffin maza. Gaskiya ne cewa a 2018 an nuna cewa jinin wasu mutum 95 da aka adana kimanin shekara 6 kafin su kamu da sankara yana ɗauke da alamu da suka bambanta da na sauran jama'a, amma wannan bai zama dalilin gwada kowa da kowa ba, tunda babu maganin da aka tabbatar yana hana aukuwarta ga mai lafiya. A wurin masu Fankoni da masu ƙafewar ɓargo kuma, akan ga zuriya ta bayyana sannan ta ɓace da kanta. Saboda haka ba a yanke hukuncin dashe bisa sakamako guda, sai an maimaita an kuma tabbatar a ɓargo.

3.9 Dangantakar Batun da Yanayin Nijeriya

A ƙasar nan dole ne likita ya fara kawar da abubuwan da suka fi yawan haddasa ƙarancin jini, kamar zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin sinadaran abinci da amosanin jini da cuta mai karya garkuwar jiki, kafin ya zargi ɓargo. Har ila yau, yawancin mutanen Afirka ta Yamma ba su da wata alama ta jini mai suna Duffy, kuma irin waɗannan mutane sukan kasance da ƙarancin wasu fararen ƙwayoyi ba tare da wata cuta ba, abin da zai iya rikitar da mai amfani da ma'aunin da aka gina bisa jinin Turawa. Ta wani ɓangaren kuma, gwajin jini ya fi dacewa da wurin da ɗakunan gwajin kuromosom suka yi ƙaranci, domin ɗiban jini ba ya bukatar ƙwararren likita, kuma hanyoyin da ba sa bukatar rayayyar ƙwaya sun fi jure doguwar tafiya. Tun 2003 aka fara ba masu sankarar Filadelfiya maganin imatinib kyauta a asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, kuma na'urar GeneXpert da ake gwajin tarin fuka da ita tana iya auna tambarin wannan sankara idan aka sami harsashin gwajin da ya dace. An kuma yi dashen ɓargo na farko a Nijeriya a 2011 a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin, ga wani yaro mai amosanin jini. Wajibi ne a tuna cewa hasashe ba ya da cikakken amfani sai akwai matakin da majinyaci zai iya ɗauka bayan an sanar da shi.

3.10 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda ɓargo ke samar da jini, da yadda sauyin kuromosom a uwar ƙwaya guda ke kafa zuriyar da kan rikiɗe ta zama sankara mataki-mataki. An kuma ga cewa ɓacewar kuromosom na 7, da sauyin dogon hannun na 3, da haɗuwar sauye-sauye masu yawa, su ne alamun da suka fi muni. Gwajin jini yana ba da damar sa ido a tsakanin gwajin ɓargo da gwajin ɓargo, ta yadda za a ga tasowar sabon reshe a kan kari a kuma shirya dashe kafin lokaci ya ƙure, amma tabbatar da cuta da yanke hukunci suna nan a hannun gwajin ɓargo. Babi na gaba zai duba dashen ɓargo da sharuɗɗan zaɓen wanda zai bayar.